Gwaggo Meram Tana Son Tsuntsaye

Shekara goma sha ɗaya Abdulrahim ya yi yana renon dashen itatuwa kusa da wata rijiyar burtsatse a unguwar Ngojin ta Potiskum, kuma a tsawon shekarun nan babu irin mai sayen da bai gani ba. Ya ga wanda ya zo neman mangwaron da zai yi 'ya'ya kafin Babbar Sallah. Ya ga wanda ya dawo masa da busasshen kara a leda bayan wata uku, yana rantsuwa da Allah kullum sai ya ba shi ruwa safe da yamma. Duk yakan shanye, ya yi murmushi, ya sallami mutum da daɗin baki. Wadda ta kusa sa shi ya rufe lambun ya koma tuƙin Keke Napep ba baƙuwa ba ce, gwaggonsa ce.

Gwaggo Meram yayar mahaifinsa ce, kuma ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai, lokacin da mahaifin ya rasu. Aikin jinya ta yi shekara talatin da biyar tsakanin Maiduguri da Damaturu, da ta yi ritaya ta dawo Potiskum ta gina ɗan gidanta a Yindiski. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali. Tsakar gidan nan tun daga bakin ƙofa har katangar baya intalok, duwatsun simintin nan da ake jerawa, ta sa aka shimfiɗa, ko tsinke ba ya kwana a kai. In ka shiga da rana sai ka kare ido da hannu saboda haske.

Wata ranar Laraba cikin bazara, ana tsananin zafin nan da ke sa awaki su manne da gindin katanga, sai ga ta ta sauko daga Keke Napep a bakin lambun da lema a hannu. Bayan sun gaisa, ta tambayi matarsa Mubaraka da yara, ta faɗa masa ya rame, sannan ta kawo abin da ke tafe da ita. Gidan nata ya yi mata shiru. Da safe ba ta jin komai sai injin niƙan maƙwabta. Ita kuwa a gidan mahaifinsu, can ƙauyensu na wajen Nangere, kukan kurciya ne ke tashin mutum, tsuntsaye har kan turmi suke sauka. Tana son tsuntsaye a gidanta, tana son malam-buɗe-littafi masu launi, kuma an ce mata da shuka ake jawo su.

Abdulrahim ya ji daɗi har cikin ransa. Yawancin masu zuwa wurinsa inuwa suke nema ko 'ya'yan itace, ba a taɓa zuwa masa da wannan buƙata ba, ga shi kuwa abin da ya daɗe yana lura da shi ne a lambunsa. Ya san furen da ƙudan zuma ke rububi, ya san ganyen da kowace tsutsa ke ci, ya san lokacin da tsuntsun marai ke fara saƙa sheƙa. Ya ce mata ta zo gidan sauƙi, ya shige gaba tana biye da shi tsakanin layukan ledoji.

Ya fara nuna mata zogale. Ya ce furensa fari ƙanana, ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki ba sa barinsa. Ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi ko ta ce masa sana'ar kwaɗon zogale za ta fara. Ya nuna mata magarya, ta ce ƙaya. Ya nuna mata ɓaure, ya ce babu itacen da ya kai shi tara tsuntsaye, amma gaskiya jemagu ma suna sonsa, kuma saiwarsa kan tsaga gini. Ta ce to me ya sa ya ɓata mata lokaci da nuna shi. Da ya ambaci riɗi da 'yan karan gero saboda masu cin tsaba, ta ce ita gida ta gina, da gona take so da ta koma Nangere. Da ya tsaya gaban tumfafiya kuwa, ko bari ya buɗe baki ba ta yi ba, ta ce shukar da ke fitowa a bola da gefen maƙabarta ba za ta shiga gidanta ba.

Can ƙarshen lambun ta ga abin da ya yi mata. Wasu shuke-shuken ado ne masu kauri da ƙyallin ganye, ja da ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake jerawa a gaban bankuna. Ta ce waɗannan take so, guda goma sha biyu.

Ya ce, "Gwaggo, waɗannan kyau kawai gare su. Ba furen kirki, ba 'ya'ya, ko ƙwaro ba ya sauka a kansu. Tsuntsu ba kallo yake zuwa yi ba, abinci yake nema."

Ta ce ta taɓa sauka a wani otal a Abuja da aka jera su, kuma da kunnenta ta ji tsuntsaye. Ya ce watakila akwai manyan itatuwa a bayan otal ɗin. Ta ce ita ba ta zaga baya ba. Suka yi ta wannan har azahar ta gota, ga wasu masu saye biyu sun gaji da jira sun tafi. A ƙarshe aka yi raba-gardama: za a jera mata na adon guda shida a gaban ɗaki, shi kuma ta bar masa gefen katangar baya ya shuka abin da ya ga dama, da sharaɗin babu ƙaya, babu tumfafiya, babu datti.

Ranar cire intalok aka sake sabon rikici. Shi ya ce a ɗaga taku huɗu daga katanga, ita ta ce taku biyu, kuma da ƙafarta za a auna. Gwaggo Meram gajeriya ce. Ta tsaya a kansa da lemarta yana ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗaga sai ta yi tsaki kamar haƙorinta yake cirewa. Da ta shiga yin sallar la'asar ya yi sauri ya ƙara layi biyu. Ta fito ta gani, ta juya harshe zuwa Barbarci, wanda tun yana yaro ya san in ta koma shi to magana ta ɓaci. Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da zuba taki.

Bayan ruwa na biyu na damina ya zo ya yi shukar. Ya kafa sandunan zogale biyu, don sun fi iri saurin fure. Ya dasa lalle uku da suka riga suka yi ƙwari, da lemun tsami ɗaya, da gwanda biyu. A gabansu ya jera ɗaɗɗoya, ya yafa riɗi, ya binne gero rami shida a kusurwa. Ya kawo wani kasko marar zurfi ya girke a ƙasa, ya jera tsakuwa a ciki yadda ƙudan zuma zai sami wurin tsayawa ya sha ba tare da ya nutse ba, ya cika shi da ruwa. Sannan, da yake zuciya ba ta da ƙashi, ya leƙa ya ga ba ta kusa, ya cusa ƙaramar tumfafiya ɗaya a lungun bayan tankin ruwa inda ido ba ya kaiwa.

Kwana huɗu da yin haka wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar cika ledoji da ƙasa. Gwaggo ce. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta ce tun asuba take zaune a tsakar gida, ko gashin tsuntsu ba ta gani ba. Ya ce mata shuka sai ta kama ƙasa tukuna, sai ta yi fure, abin zai ɗauki kamar wata biyu. Ta ce bai faɗa mata haka ba ranar da yake farfasa mata gida. Ya faɗa kuwa, har sau uku.

Daga nan kira ya zama kamar na sallah, ba ya wuce lokacinsa. Ran nan ta ce gwanda ɗaya ta langaɓe. Gobe ta ce ganyen lalle na zuba a kan intalok. Da ya je dubawa ƙarshen mako sai ya tarar da kaskon a kife, an wanke shi tas an jingina da bango. Ta ce ita da ta yi shekara talatin da biyar tana jinyar masu zazzaɓi ba za ta buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakar gidanta ba. Nan kam ya san tana da gaskiya, don haka ya lallaɓa ta, ya ce in ana zubar da ruwan ana sake sabo duk bayan kwana biyu sauro ba zai samu ya ƙyanƙyashe ba. Ta ce wato ita ce za ta zama 'yar aikin tsuntsayen da ba su ma zo ba. Amma ta bari ya mayar da kaskon.

Cikin watan Agusta wurin ya rufe da kore. Riɗi ya yi fure, ɗaɗɗoya ta fitar da kai, gero ya kai ƙirji. Lemun tsamin ya yi sabon toho mai taushi, kuma wata safiya da Abdulrahim ya duba sai ya ga abin da yake jira: 'yan ƙananan tsutsotsi masu launin kashin tsuntsu sun kwanta a kan ganyen. Ya san su. Nan da 'yan kwanaki za su zama kore su yi ƙiba, su ɗaure kansu a reshe, su fito manyan malam-buɗe-littafi baƙaƙe masu ɗigon rawaya. Ya yi niyyar yi mata bayani, sai ya tarar tana da baƙi, ya ce a ransa sai wani zuwan. Wannan jinkirin ya daɗe yana cizon yatsa a kansa.

Da ya dawo bayan kwana biyar, tun daga ƙofa ya ji warin maganin sauro. Ta ɗauki gwangwanin feshin ɗakinta ta yi wa lemun wanka, ta haɗa da riɗin da ke kusa. Tsutsotsin suna zube a ƙasa sun nannaɗe, ga ƙudan zuma matattu kusan ashirin a kan intalok ta share su ta tara gefe guda. Tohon ya ƙone ya yi baƙi. Ta nuna masa aikinta tana jiran yabo.

Ya tsuguna ya duba tsutsotsin. Ya ce mata waɗannan da ta kashe su ne malam-buɗe-littafin da take ta kiransa a kansu. Ta ce kada ya mayar da ita jahila, ta san tsutsa ce ke zama malam-buɗe-littafi tun kafin a haife shi, amma na cikin littafin makaranta ba lemunta suke ci ba. Ta tambaye shi ko ba za a sami irin wanda ke zuwa da girmansa ba, daga wani gidan. Ya ce za a samu, amma ba zai zauna ba. Ya roƙe ta, don darajar iyaye, ta daina feshi a wurin, ta yi a ɗaki. Ta ce za ta duba.

A hanyarsa ta komawa Ngojin ranar nan ya wuce kwanar gidansa bai sani ba, sai da ya tsinci kansa kusa da kasuwar shanu.

Abin haushin, shukar ta yi aikinta. Ruwan sama ya wanke maganin, lemun ya sake toho, zogale ya yi fure, gero ya fitar da zangarniya. Tsuntsaye suka zo. Gwara ce ta fara, sai kurciya biyu da suka riƙa sauka bakin kaskon da hantsi, sai tsada garke guda, sai marai. Ya ɗauka yanzu zai huta. Ashe kiran ninkuwa zai yi. Tsuntsayen sun ɓata mata fararen zannuwan gado da ta shanya. Sun yi kashi a kan intalok, kullum sai ta bi da tsintsiya da ruwa. Ƙadangaru sun yi yawa. Ta zura ƙafa cikin takalmin alwala da asuba ta taka kwaɗo. Kowanne sai ta kira ta faɗa masa da muryar da ake kai ƙarar yaro wurin ubansa.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne zuwan Hajiya Fanne, tsohuwar abokiyar aikinta tun Maiduguri. Gwaggo ta zaga da ita baya don ta nuna mata wurin, Hajiya Fanne ta ga ɗaɗɗoya ta kai hannu za ta tsinka ta kai gida, ƙudan zuma ya harbe ta a yatsan da zobe yake. Yatsa ya kumbura, zobe ya ƙi fita, sai da aka yi ta fama da sabulu da zare. Garin neman wurin da ƙudan ya fito ne Gwaggo ta leƙa bayan tanki ta yi arba da tumfafiya, ta kai ƙugu, ta yi fure abinta.

Kiran ranar gajere ne. Ta ce ya zo ya kwashe dajinsa kaf, ya mayar mata da intalok ɗinta yadda ya same shi. Ta kashe waya kafin ya amsa.

Da la'asar ɗin nan Mubaraka ta sha labari. Ya zauna a kan tabarma da kwanon abinci a gaba bai taɓa ba, ya yi ta zubo abin da ke cikinsa tun bazara. Tana son tsuntsu amma kada ya yi kashi. Tana son malam-buɗe-littafi amma kada a haife shi a gidanta. Tana son fure amma kada ƙudan zuma ya sani. Ya ce da wani ne da tuni ya ba shi haƙuri ya ce ya nemi wani lambun, amma wannan ita ta yi masa kaciya, ita ta kai shi makaranta, ita ta je nema masa aure, da wane baki zai ce mata a'a. Mubaraka tana tsince shinkafa tana danne dariya. Ta ce masa ya bari ta huce, ya san halinta. Ya ce ba zai bari ba, wannan karon abin da ta ce shi zai yi, ko ganye ɗaya ba zai bar mata ba, kowa ya huta.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauki shatar Keke Napep, ya loda diga da shebur da baro da buhunan wofi. Mai Keken, wani dattijo mai suna Malam Joda, ya taya shi shigar da kayan, ya koma bakin ƙofa ya tsaya a inuwa yana jira. Gwaggo ta fito da kujerar roba ta zauna a gefe, ta ce ya fara.

Ya nufi geron, don shi ya fi sauƙin tugewa. Ya kama kara na farko kenan ta ce ya dakata. Zangarniyar ba ta ƙare ba, kuma 'yan shuɗɗan tsuntsayen nan da ƙarfe goma suke zuwa ci, ya bar shi zuwa ƙarshen wata. Ya saki. Ya juya kan riɗi, ta ce saura ƙiris ya nuna, wane irin almubazzaranci ne a tuge abinci. Ya ɗaga diga zai sari gindin zogale, ta ce wannan kam ya bar shi, tana dafa ganyen da safe kuma tana jin daɗin jikinta. Gwanda ta ɗauki 'ya'ya, ba a magana. Ɗaɗɗoya kuwa ta yi wa Hajiya Fanne alkawarin iri.

Ya share gumi da hannun riga, ya tsaya gaban lalle. Kafin ya taɓa ta taso daga kujerar da saurin da bai san tana da shi ba, ta riƙe masa hannu, ta ɗaga wani reshe a hankali. Kurciya ce ta yi 'yar sheƙarta ta tsinke a ciki, da ƙwai biyu farare. Ta ce kwana shida kenan, kuma uwar ba ta son hayaniya, ya rage buga digar nan a ƙasa.

Saura lemun tsami. Yana matsawa kusa ya ga wani reshe ɗaya an lulluɓe shi da yankin tsohon gidan sauro, an ɗaure bakin da zare. Ya leƙa. Tsutsotsi kore masu ƙiba guda biyar suna ta cin ganye a ciki, biyu kuma sun riga sun ɗaure kansu sun sandare. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, tunda ya ce dole sai sun ci, ta ware musu reshe ɗaya. Kullum da safe takan zaga ta tsince na sauran rassan da ɗan hantsakinta na aiki ta mayar da su can, don ba za ta yarda su bazu mata ko'ina ba kamar marasa mafaɗi. Ragar kuma saboda ƙadangaru ce, sun cinye mata uku.

Abdulrahim ya ajiye digar. Ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Ya bar lambunsa ranar Asabar, ranar da ya fi ciniki, ya ɗauko mai Keke, ya kwana uku yana cin rai, ga shi ta fi shi kula da tsutsar.

Ya ce, "Gwaggo, don girman Allah, me kike so in yi? Kin ce in kwashe. Na zo kwashewa, kin hana ni taɓa komai. Tun watan huɗu nake abu ɗaya. In na shuka laifi, in na cire laifi. Ki faɗa min abu ɗaya tak in yi in tafi."

Tunda yake bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi, ta koma kan kujerarta ta zauna.

Ta ce, "Au, don na yi ƙorafi shi ne ka zo da diga? Kai da na riƙe, wace irin ƙazanta ce ba ka yi min ba? Har ka shekara tara kana jiƙa min katifa, kullum sai na yi faɗa, unguwa kaf ta sani. Ka ga na ɗauke ka na mayar Nangere?"

Daga bakin ƙofa aka ji Malam Joda ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba. Abdulrahim, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa. Ya buɗe baki zai ce ai ita ce da bakinta ta ce ya kwashe kaf, ya ga babu amfani, ya rufe.

A ƙarshe tumfafiyar kaɗai aka tuge, don a kanta Gwaggo ba ta sauka ba, ta ce ba shukar ce ta fi ɓata mata rai ba, ɓoyewar ce. Wannan ya karɓa, ya ba ta haƙuri. Ya ɗaura mata sabuwar igiyar shanya a can gefen ƙofa nesa da inda tsuntsaye ke sauka, ya mayar da ɗaɗɗoyar da ke bakin hanya ciki yadda baƙo ba zai kai hannu cikin ƙudan zuma ba, ya samo bulo ya ɗora mata takalman alwala a kai. Ya loda diga da shebur da baro da buhunan wofi yadda ya kawo su, da tumfafiya ɗaya a sama. Ta biyo shi da kular dambun zogale ta ce a kai wa Mubaraka, shi kada ya ci tunda fushi yake. Duk tsawon hanya kafaɗun Malam Joda na rawa lokaci-lokaci saboda dariyar da yake dannewa.

Wurin ya zauna. Da kaka ta yi aka girbe riɗin, bai fi cikin kwano ba, ta raba shi gida uku ta aika wa mutane kamar wadda ta noma kadada. Kurciyar ta ƙyanƙyashe ɗaya, ɗayan ƙwan ya lalace, wannan ma sai da aka kira shi aka tambaye shi dalili. Kiran dai bai ragu ba, sai dai ya sauya kama, kuma Abdulrahim bai tabbata sabon ya fi tsohon sauƙi ba.

Wata safiya yana tsakiyar yi wa wani mutum bayanin dashen gwaiba ta kira. Murya ƙasa-ƙasa ta ce wani tsuntsu ya sauka a kan zogale, ba ta taɓa ganin irinsa ba, ya faɗa mata sunansa. Ya ce ta kwatanta. Ta ce ba babba ba ne, ba kuma ƙarami ba, yana da launi, bakinsa irin na tsuntsaye. Ya ce ko tsada ce. Ta ce ta san tsada. Ya ce ko kanari. Ta ce in bai sani ba ya ce bai sani ba, ya zo ya gani da idonsa, yanzu.

Ya ba mai gwaibar haƙuri, ya tari Keke zuwa Yindiski. Yana tura ƙofar gidan, ƙarfen ya yi ƙara, wani abu ya tashi fir daga kan zogalen ya haye katanga. Ko launinsa bai gani ba. Ta ce ya kore shi, mutum ya shigo gida kamar an biyo shi. Ta nuna masa wata kujerar roba kusa da tata, ta ce ya zauna, zai dawo, tun asuba sau biyu ya zo.

Ya zauna. Rana ta fara ɗagawa, ƙudan zuma na ta kai-komo a furen zogale, can Ngojin kuma ledoji ɗari uku na jiran ruwa. Ya ciro waya don ya duba lokaci. Ba ta ko juyo ba, idonta na kan reshen.

Ta ce, "Ka yi mana shiru mana."